Motar Yamma

Malam Daidai mai gyaran agogo ne, kuma ba a banza aka laƙa masa wannan suna ba. Shekara goma sha tara ya yi yana zaune a bakin tsohuwar tasha, a bayan wani ɗan tebur mai gilashi, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya ce ya yi kuskure. Agogo uku yake ɗaurawa, biyu a hagu, ɗaya a dama. In ka ce masa ƙarfe biyu ta yi, sai ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Naka gudu yake yi. Nawa ne daidai."

Sana'ar ta mutu a hannunsa yana ji yana gani. Tun da waya ta shiga aljihun kowa aka daina kawo masa aiki, sai mai son sabon batir ko madauri. Akwai ranar da zai wuni ba wanda ya tsaya gabansa sai masu tambayar inda ban ɗaki yake. Maƙwabcinsa Mai Aski kuwa, wanda rumfarsa ke manne da teburin, bai taɓa rasa kan da zai aske ba, don gashi bai san an ƙirƙiro waya ba. Ba shi da aiki sai tsokana.

"Malam Daidai, ƙarfe nawa?" Kafin a ba shi amsa sai ya zaro wayarsa ya duba. "Bar shi kawai, na gani."

Ana cikin haka sai ga saƙo daga yayan matarsa, wanda ya yi ƙaura zuwa yamma shekaru da yawa, wani babban gari a ƙetaren iyaka, tafiyar kwana biyu a mota. Yaya ya ce ya samo masa shago a layin ma'aikata, inda har yanzu ake ɗaura agogo ana taƙama da shi. Amma mai shagon ya gindaya sharaɗi: zai riƙe makulli zuwa ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a. In ta buga ba a ga mai gyaran agogo ba, akwai wani mai gyaran waya da ke jira, shi za a ba. A ƙarshe Yaya ya ƙara da cewa kada su yi ta baza maganar kafin ta tabbata.

Shawara ce mai kyau, amma ta faɗa hannun wanda bai san iyaka ba. Malam Daidai ya hana matarsa ambaton sunan garin ko a cikin ɗaki. Shi kansa ya daina faɗa. Duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Yamma."

Ran Litinin da safe ya kwashe kayan aikinsa, ya kyautar da teburin, ya tsaya gaban rumfar Mai Aski ya yi jawabin ban kwana, ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

"Jama'a, ku yafe mini, na yafe muku. Garin da ba a san darajar lokaci ba, na bar shi. Ba zan sake taka wurin nan ba sai dai a kawo gawata."

"To ina aka nufa?" in ji Mai Aski, yana wasa aska a tafin hannu.

"Yamma."

"Yamma ai faɗi gare ta. Wane gari?"

"Garin da bakinka ba zai kai ba."

"Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo jibi ka biyo in rage maka suma, kyauta."

Motocin tafiya mai nisa a tsohuwar tasha suke lodi, daidai hancin Mai Aski, shi ya sa Malam Daidai ya ce sabuwar tasha za su, can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san fuskarsa. Matarsa, mace mai ƙarancin magana da ta aurar da 'ya'yanta biyu ta kuma koyi haƙuri da mijinta kamar yadda ake haƙuri da ciwon gwiwa, ta ce, "Malam, na ji kamar motocin can a tsohuwa kaɗai ake samunsu."

"Mota mota ce. Ke kin taɓa tafiya?"

"Kai ma ai ba ka taɓa ba."

Ya yi kamar bai ji ba.

Bayan la'asar suka isa sabuwar tasha da buhu biyu, da akwatin kayan aiki, da wani babban agogon bango mai kaɗa ƙararrawa duk awa, nannaɗe cikin bargo. Wata doguwar mota na tsaye, ta kusa cika. Ɗan kamasho ya tarbe su da gudu.

"Baba, ina za ku?"

Malam Daidai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya rage murya. "Yamma."

"Ai dama ta safe ta tafi tun ɗazu. Ga ta yamma nan, mutum biyu ake jira. Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"Malam," in ji matar a hankali, "ka faɗa masa sunan garin mana."

"Ba ki ji ya ce ta yamma ba ce? Ko sai an rubuta miki a goshi?"

Shi yamma da yake nufi, inda rana ke faɗuwa. Shi kuwa ɗan kamasho yamma da ya ji, lokacin da rana ke faɗuwa. Layinsu hanya ɗaya yake bi, mota biyu a rana, ta safe da ta yamma. Kalma guda da za ta raba gardama tana bakin Malam Daidai, ya haɗiye ta. Ƙarfe biyar mota ta tashi.

An cusa su a kujerar baya, mutum shida a wurin mutum huɗu. Gwiwoyinsa sun tokare ƙarfen kujerar gaba, agogon bango na kan cinyarsa, akwatin na kan ƙafarsa don ya rantse ba za a ɗora shi a sama ba. Kusa da matarsa wata tsohuwa ce da kwandon agwagi uku. Ƙarfe shida na cika agogon ya kaɗa daga cikin bargo, agwagin suka amsa gaba ɗaya. Daga nan haka aka yi ta yi duk awa.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, "ba a kashe abin nan ne?"

"Iya, ba a kashe lokaci."

"To ni zan kashe shi in ya sake firgita mini 'ya'ya."

Matar ba ta shiga wannan ba, hankalinta na wani wuri. Zafin da take ji a ƙeya ne ya dame ta. Ta waiga ta gilashin baya, ta ga rana ja wur tana nutsewa a bayansu.

"Malam, rana fa a bayanmu take faɗuwa."

"To sai me?"

"Mai zuwa yamma ai ido da ido yake yi da ita."

"Hanya ce ke lanƙwasa. Kin taɓa ganin titin da ya miƙe kamar zare? Za mu juyo."

Ba su juyo ba. Suka kwana a zaune, taya ta fashe sau ɗaya, aka sauke maza suka tura mota a wani rairayi, Malam Daidai ya tura da kafaɗa ɗaya don ya ƙi ajiye agogo. Da asuba aka tsaya salla a gefen titi. Da ya shiga sahu sai ya lura inda suka fuskanta nan hancin motar ya fuskanta. Ya sallame, ya koma kujerarsa. Can rana ta ɓullo ta gilashin gaba, sosai a tsakiya, har direba ya sauke abin tare ido.

A nan laifinsa yake. Kuskuren jiya kowa na iya yinsa. Amma daga asuba ya sani, kuma ya zauna awa biyar yana kallon gari bayan gari na wucewa, yana jiran titi ya lanƙwasa don kada ya buɗe baki a gaban matarsa. Wannan ba haƙuri ba ne, girman kai ne tsagwaronsa, kuma kowace awa da ya ƙara sai sun biya ta da wata awar a dawowa.

Da hantsi ya ɗaga, matar ta gaji. Ta juya wajen tsohuwar.

"Iya, don Allah motar nan ina ta nufa?"

Tsohuwar ta dube ta kamar ta ga mai taɓin hankali, ta faɗi sunan wani gari da ko ɗan firamare ya san a can ƙuryar gabas yake. Matar ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta dai juyo ta zuba wa mijinta ido. Shi kuwa da ya ga asiri ya tonu, sai ya miƙe da faɗa, kansa ya bugi rufin mota.

"Direba! Tsaya! An cuce mu! Na ce yamma za ni!"

Direba ya taka birki, ya waigo. "Baba, lafiya? Ai da yamma muka tashi. Ƙarfe biyar cif. Ka duba, agogo uku gare ka."

"Yamma nake nufi! Yamma ta faɗuwar rana!"

Motar ta fashe da dariya daga gaba har baya. Wani mai hula a tsakiya ya ce, "Baba, yi zamanka. An ce duniya zagaye take, in ka daure za ka ɓullo ta can."

"Tun jiya kake zaune da mu," in ji tsohuwar, "ba ka iya tambaya ba? Bakin naka na faɗa da agwagi ne kawai?"

Ƙarfe goma sha ɗaya ta cika, agogon ya kaɗa, agwagin suka amsa. A haka aka sauke musu buhunansu a gefen titi, wurin da ba gida ba bishiya.

Sai bayan azahar wata babbar motar albasa mai komawa ta tausaya musu. Gaba a cike take, don haka a saman buhuna suka zauna, iska na dukansu, ƙafafun Malam Daidai sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wayar matar ta mutu tun safe, ba halin sanar da Yaya komai. Tafiyar wuni da kwana, maganar da ta yi masa ɗaya ce: "Yanzu kam ga rana a gabanmu."

Ran Laraba da safe suka hango garinsu. Da aka tsaya a shataletalen shiga gari, Malam Daidai ya sauko da ƙyar, ya je wajen direban. Wannan karon ya yi tambaya, amma ta gefen baki.

"In mutum, misali, yana son zuwa ƙetaren iyaka ta yamma fa?"

"Tsohuwar tasha. Mota ɗaya ce a rana, ƙarfe goma."

"Goman dare?"

"Na safe. Motar yamma da safe take tashi, Baba."

Ya duba agogunansa. Tara da kwata. Ya koma wajen matarsa, ya gyara murya.

"Na yi tunani. Mu samu inuwa a nan mu huta. In duhu ya yi mu lallaɓa gidan ƙanwarki, gobe da sassafe in rufe fuska mu shiga mota."

"Gobe wace rana?"

"Alhamis."

"Tafiyar kwana nawa ce?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu.

"Asabar kenan," in ji ta. "Mu je mu taya mai gyaran waya share shago. Malam, teburinka ka kyautar, ɗakinmu an sa wasu. Ni ban san wata sana'a da ka iya ba bayan wannan. Ka zaɓa, ko dariyar Mai Aski ta rabin awa, ko zaman banza na sauran rayuwarka."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗora buhu a ka, ta tare mai keke mai ƙafa uku. Ya tsaya jim, sannan ya rungumi agogonsa ya bi ta yana ɗingishi.

Mai Aski na tsakiyar aske wani mutum, rabin kai fari rabi baƙi, ya ɗaga ido ya gan su. Askar ta tsaya a sama.

"Jama'a, ku zo ku gani! Gawa ta dawo da ƙafarta!"

Masu shayi, masu faci, masu sayar da ruwa, duk suka taso. Har mai rabin kan ya juyo da kujerarsa.

"Ban ce jibi ba? Ku shaida, na ce jibi! Malam Daidai, sannu da zuwa daga yamma." Ya shaƙi iska. "Ashe albasa ake gyarawa a can?"

"Wucewa zan yi," in ji Malam Daidai, idonsa a ƙasa.

Ɗan kamashon tsohuwar tasha ya matso. "Baba, ina za ku?"

Tsohon hali ya riga shi zuwa baki. "Yam..."

Matar ta ajiye buhunta a ƙasa da ƙarfi. Ta harare shi. Malam Daidai ya ɗaga kai, ya faɗi sunan garin gaba ɗayansa, da muryar da har mai faci na ƙarshen layi ya ji. Ba abin da ya faru. Sama ba ta faɗo ba, ba wanda ya yi masa baki.

"Can ne?" in ji Mai Aski. "Kai amma ka wahalar da baiwar Allahn nan a banza. Direban can ai ni nake masa aski duk sati. Da ka faɗa mini shekaranjiya, da yanzu kana can kana duba wa mutane lokacin da ba su tambaye ka ba."

Ya bar mai rabin kai a zaune, ya je ya yi magana da direba, aka ba su kujerar gaba. Shi ya ɗora musu buhuna da hannunsa. Da mota ta fara motsi ya leƙo ta taga. "Askin kyautar yana nan fa. In ka dawo gata."

Tafiyar yamma ta gaskiya ba ta fi ta ƙarya daɗi ba. Rana ta gasa musu fuska duk yammaci, matar ta ƙi sauke abin tare ido, ta ce a bar mata ita tana gani. Suka haye gada mai rawa, suka yi awa uku a bayan wata motar katako da ta faɗi ta tare hanya. A iyaka aka sauke kowa, aka jera su a rana, aka zazzage buhuna har ƙasa. Wani jami'i ya buɗe akwatin kayan aiki, ya ga 'yan ƙusoshi da 'yan ƙarafa ɗaruruwa, ya ce sai an yi masa bayanin kowanne. Malam Daidai kuwa ya samu mai saurare karo na farko cikin shekaru, ya fara bayani tiryan-tiryan, sai da matar ta ce, "Ranka ya daɗe, in ka bar shi a nan za mu kwana," sannan jami'in ya rufe akwatin da kansa.

Ran Juma'a da hantsi suna kan hanya har yanzu. Goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce. Malam Daidai ya daina kallon titi, sai hannuwansa. Suna shiga bakin babban garin cunkoso ya riƙe su, mota ba gaba ba baya. A nan agogon bango ya fara kaɗawa a cikin bargo. Ya ƙirga da leɓɓansa har goma sha biyu. Ya duba na hagu biyu, ya duba na dama. Duk bakinsu ɗaya.

Ya sauke hannuwansa a kan bargon. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ni na ja mana. Kin faɗa mini sau uku, na ƙi ji. Na yi kuskure."

Shekara ashirin da shida da aurensu, ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Ta so ta ji daɗinta, amma ta zo da tsada. Ta ce, "Mu dai ƙarasa, ko Yaya ma gani."

Sha biyu da minti talatin da biyar suka sauka a layin ma'aikata, jiki duk ciwo, tufafi na tashin albasar kwana uku. Ga shago nan mai koren ƙyaure, a rufe. Ga Yaya zaune a benci da wani dattijo mai makulli a hannu. Can gefe wani mutum ne da jaka a kafaɗa, yana ta duba waya yana kai da kawowa.

Yaya ya taso da sauri. "Haba, suruki! Kun tsinka mini zuciya. Saura minti ashirin da biyar fa!"

"Saura me?"

"Sha biyu mana." Ya nuna agogon da ke rataye a shagon magani na kusa. Sha ɗaya da minti talatin da biyar. "Au, ba wanda ya faɗa muku? Nan muna bayanku da awa guda. Tun da kuka ƙetare iyaka ya kamata ku mayar da agogo baya."

Malam Daidai ya dubi agogon shagon magani, ya dubi nasa uku. Fuskarsa ta koma irin ta bakin tsohuwar tasha. Ya ɗaga yatsa. "Wannan agogon naku a baya yake. Nawa ne dai..."

Matar ta ɗora dunduniyarta a kan kumburarriyar ƙafarsa, ta danna.

"Malam, karɓi makulli."

Ya karɓa. Mai gyaran waya ya yi tsaki, ya gyara jakarsa ya tafi. Yaya ya raka mai shagon, ya ce zai dawo da ruwa da tsintsiya.

Shagon ɗan ƙarami ne, taga ɗaya, kanta ɗaya, da ƙusa a bango kamar dama agogon ake jira. Malam Daidai ya warware bargo, ya rataye shi. Matar ta tsaya a kansa har ya buɗe gilashin ya mayar da hannun baya da awa guda, yana yi yana cije leɓe kamar ana cire masa haƙori. Ya gyara na hagu biyu. Na dama ya ja hannun riga ya rufe shi, yana zaton ba ta gani ba.

Da ya zauna a kan akwatinsa, ya miƙe ƙafa, sai ƙarfin hali ya dawo masa.

"Kin ga dai mun iso a kan lokaci. Dama na san da wuya lissafina ya tashi a banza."

"Maganar da ka yi a mota na ji ta, Malam."

"Wace magana?"

"Da sha biyu ta buga. Ka ce ka yi kuskure."

Ya ɗaga kai ya dubi bango, ya nuna mata da haɓa. "Ke duba da kyau. Sha biyun ai ba ta yi ba tukuna."

Ta duba. Ta jawo buhu ta zauna daidai ƙofa, inda ba hanyar fita sai ta kanta, ta gyara mayafi.

"To ina jira," in ji ta. "Saura minti goma."